Babi na Bakwai: Wuta a Kan Tudu, Ganga a Kurmi

Wanda ya bar Serti da sassafe a watan Disamba ya nufi Gembu, har ya kai Mayo Selbe yana cikin zafin kwari ne, ƙura ta yi masa fari a gira. Daga nan titi ke fara hawa. Mota ta koma giya ɗaya, tana nishi tana kewaya gefen dutse, direba na danna hon kafin kowace kwana saboda manyan motocin da ke gangarowa. Fasinjan da bai saba ba kan bar hira ya kama salati. Can sai kunne ya toshe, iska ta sauya, kowa ya fara laluben rigar sanyi a jaka. An iso Mambila ke nan, tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga gaɓar teku.

Tuddai ne iya ganin ido, sumul kamar an kifa ƙore, babu itace sai layukan itacen turare da aka dasa a gefen garuruwa. A wannan lokaci na shekara rabin tuddan baƙi ne ƙirin, hayaƙi na tashi nan da can, da dare kuma a ga wuta ta yi layi tana tafiya a kan tsauni kamar an jera fitilu. Sai mutum ya leƙa cikin kwazazzabai zai ga wani abu dabam. A can ƙasa, inda ruwa ke bi, dogayen itatuwa sun cunkushe, kore shar, duhu a ƙarƙashinsu ko da rana tsaka. Shi ne kurmi. Duk labarin kare dajin wannan yanki yana kan wannan bakin layi ne, inda baƙar ƙasa ta tsaya koren kurmi ya fara, da kuma tambayar wane ɓangare ne ke matsawa kowace shekara.

Wutar ba ta hauka ba ce. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, makiyayi kuwa ya san abin da yake yi sarai. Ciyawar damina idan ta bushe takan yi tauri, saniya ba ta samun komai a cikinta. Idan aka cinna mata wuta, cikin 'yan makonni sabon toho ya fito, mai laushi, daidai lokacin da shanu suka fara ramewa. Wutar na rage kaska. Tana kuma hana ƙananan itatuwa mamaye makiyaya. Matsalar tana ga lokaci. Wutar fari, wadda ake sawa tun ciyawa na da ɗan danshi, takan lashi sama-sama ta mutu da raɓar dare. Wutar ƙarshen rani, ta Fabrairu da Maris, ita ce mai cin rai. Takan zo da iska, ta kai bakin kurmi, ta ƙone 'ya'yan itatuwan da ke gefe, ta babbake ɓawon manyan. Shanu kuma su biyo baya neman ruwa da inuwa, su tattake abin da ya rage. Bana a ci taku biyu, baɗi a ci uku, babu wanda ya ɗaga gatari amma kurmi ya tsuke.

Abin da ya kai shanu kan tsauni tun farko kuwa ƙuda ne. A kwari akwai ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore. A sama babu shi, ga ruwa ko'ina, ga ciyawa. A cikin ƙarnin da ya wuce Fulani suka riƙa hawowa da garkunansu daga Adamawa da ɓangaren Kamaru, da farko jefi-jefi, daga baya da yawa, har Mambila ta zama ɗaya daga cikin wuraren da shanu suka fi cunkushewa a Nijeriya. Sunayen wuraren ma sun nuna haka: chappal a Fillanci tsauni ne mai faɗin kai, mayo kuma kogi.

Daga gefen Mambila ta arewa ƙasa ke gangarawa zuwa gandun daji na Gashaka-Gumti, mafi girma a duk gandayen daji na ƙasa a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ɓangaren Gashaka a jihar Taraba, ɓangaren Gumti a Adamawa. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, a kan iyakar Kamaru, mai tsayin mita 2,419, wuri mafi tsayi a ƙasar nan. Ana kuma kiransa Gangirwal, sunan da ake fassarawa da dutsen mutuwa. Ruwan da ke sauka a waɗannan duwatsu shi ke cika Mayo Kam da Mayo Gashaka da kogin Taraba, daga nan ya faɗa Binuwai. Mai noman shinkafa a fadamun Taraba da masuncin da ke jefa birgi a Binuwai wataƙila ba su taɓa jin sunan Chappal Waddi ba, amma ruwan ranin da suke dogaro da shi akwai na kurmin can a ciki.

Yankin ya sha sauya hannu. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ƙarƙashin Jamus ne, cikin Kamaru, har yau ma akwai kangon ganuwar Jamusawa a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan yaƙin ya koma hannun Ingila. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa lardin suna Sardauna. A farkon shekarun 1970 gwamnatin tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas ta keɓe Gashaka da Gumti a matsayin gandayen namun daji, sannan a 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe su suka zama gandu ɗaya na ƙasa.

A lokacin keɓewar ne aka yanke wata shawara da har yau ake cin moriyarta, ake kuma shan wahalarta. A wurare da yawa na Afirka, idan za a yi gandun daji, motoci ake kawowa a kwashe mutane. A Gashaka ba a yi haka da kowa da kowa ba. An shata wasu yankuna a cikin gandun, irin su Filinga da Sabere da Chappal Hendu da Gumti, aka ce mazaunansu su ci gaba da zama, su yi noma, su yi kiwo, amma cikin iyaka. Farauta ce aka haramta. Tunanin shi ne wanda ke kwana a wuri ya fi kowa sanin baƙon da ya shigo da bindiga, idan aka bar masa gonarsa da makiyayarsa zai zama idon hukuma. Tunani ne mai kyau, a takarda ma ya fi kyau.

Kafin a zo ga yadda ta kaya, ya kamata a sauka kurmin a ga abin da ake ta wannan ɗawainiya a kansa.

Mutanen Gashaka suna da wani suna da suke kiran babban birin nan marar wutsiya: biri mai ganga. Wanda ya kwana a Kwano, tsohon ƙauyen da ya zama sansanin masu bincike a cikin kurmi, zai gane dalili. Wasu itatuwan kurmi saiwoyinsu kan fito sama da ƙasa, faffaɗa kamar allo. Namijin birin kan zo da gudu yana ihu, ya riƙa dukan saiwar da hannu da ƙafa, sautin ya ratsa daji ya yi nisa. Ta haka ne 'yan garke ɗaya, da suka watsu neman abinci, ke sanin inda juna suke. Irin wannan biri na Nijeriya da Kamaru jinsi ne na musamman, shi ne mafi ƙaranci a cikin jinsuna huɗu na wannan dabba, kuma ƙiyasin da ake yi shi ne ɗaukacinsu a duniya ba su kai dubu goma ba. Garke mafi yawa da ya rage a Nijeriya yana Gashaka.

Wani Bajamushe mai koyarwa a wata jami'ar Landan, Farfesa Volker Sommer, shi ya kafa aikin binciken birai a Kwano wajen shekarar 2000, da tallafin gidan namun daji na Chester da ke Ingila. Biran ba su yarda mutum ya zauna kusa da su ba, saboda haka yawancin abin da aka sani game da su daga abin da suka bari aka karanto shi: sheƙar ganye da suke yi a kan itace su kwana, kashinsu, da kayan aikin da suka yar. Ɗalibi kan tsugunna a bakin rafi da rariya yana wanke kashin biri yana ƙirga abin da ya fito. Digiri da yawa daga wannan rariyar suka fito.

Abin da aka gano yana da ban sha'awa. Biran Gashaka mashaya zuma ne, suna kuma da sanduna iri-iri na aikin: mai kauri ta tona ramin ƙananan ƙudajen nan marasa harbi, siririya mai tattaunannen kai kamar asuwaki ta dangwalo zuman. Suna cin kwarkwasa sosai, duk da zafin cizonta. Biri kan zura doguwar sanda a gidanta, ya jira su hau, ya zare ya kai baki da sauri. Amma gara, wadda danginsu na Gombe suka yi suna wajen kamawa da tsinke (Gomben Tanzaniya ake nufi, inda Jane Goodall ta yi aiki, ba tamu ba), biran Gashaka ba a same su suna cinta ba, alhali ga suri nan a dajinsu. Masu binciken na ganin akwai batun gado a ciki, abin da ɗa ya ga uwarsa na ci shi yake ci. Wato idan garken wani kurmi ya ƙare, har da irin tasa tarbiyyar yake tafiya.

A wannan daji ne kuma wasu masu bincike biyu, Kate Arnold da Klaus Zuberbühler, suka saurari baƙin birin nan mai farin hanci. Namijinsa yana da kuka iri biyu, ɗaya ya fi yinsa idan haɗari na ƙasa, kamar damisa, ɗaya kuma idan gaggafa ce a sama. Sai suka lura cewa idan ya jera kukan biyu a wani tsari, ma'anar takan sauya gaba ɗaya, garken ya tashi ya kama hanya. A 2006 suka buga sakamakon, masana harshe a duniya suka yi ta muhawara a kai.

Manomin da ke bakin gandun yana da nasa ra'ayin game da birai, kuma ba na muhawara ba ne. Gwaggon biri kan shigo gonar masara da safe, kafin mai gona ya iso an karya abin da aka karya. A kusa da ƙauyen Gashaka an kwatanta garke biyu, ɗaya mai cin gona, ɗaya na cikin kurmi da ke rayuwa da 'ya'yan itace kaɗai. Matan garken ɓarayin sun fi saurin sake haihuwa. Manomi dai bai buƙaci jami'a ta gaya masa haka ba. Abin da ya sani shi ne yaransa ne ke wuni a kan rumfar tsaro suna buga gwangwani maimakon zuwa makaranta, idan kuma ya ɗana tarko shi ne mai laifi. Aladen daji na tone masa rogo da dare. Babu ofishin da zai je a biya shi.

Mazaunan cikin gandun su ma suna da lissafinsu. An ce su zauna, sun zauna, amma zama a cikin gandun daji yana nufin babu titi, domin titi shi ke kawo mafarauta. Wasu ƙauyukan sai an yi tafiyar wuni ko fiye da ƙafa, da damina kuma koguna su cika su yanke hanya. Mace mai naƙuda a kan makara ake saukowa da ita. Malamin makarantar da aka tura can yakan yi wata ɗaya ya nemi canji. Sannan mutane suna haihuwa, shanu ma haka, iyakar da aka shata a shekarun 1970 kuwa tana nan inda take. A gangaren tsaunuka ana ganin sawun shanu ya yi hawa-hawa kamar matakala, ciyawa mai daɗi ta ba da wuri ga wata mai tauri da ba ta ƙosarwa. Da rani garkunan kan sauka kwari, cikin ainihin gandun, su haɗu da na baƙin makiyaya da suka taso daga nesa, wasu daga ƙetaren iyaka.

Irin zancen da ke gudana idan an kama shanu a inda bai kamata ba kusan kullum ɗaya ne. Jami'i zai ce, "Ardo, ai kun san nan ba hurumin kiwo ba ne." Ardo zai ce, "Yallaɓai, mun sani, amma waɗannan ba namu ba ne, na masu wucewa ne." Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Wani lokaci kuma na ƙaninsa ne. A ƙarshe a yanka tara, a biya, baɗi a sake. Inda albashin jami'i ke makara kuwa, ba sai an faɗi inda wani ɓangare na tarar ke sauka ba.

Haɗuwar shanu da namun daji ta taɓa yi wa kowa tsada. Annobar bushiya ta 1983 ta kashe shanu ba adadi a arewacin Nijeriya, ta kuma shiga Gashaka ta yi wa ɓauna ɓarna. Cutar ba ta tambayi wanda ke cikin iyaka da wanda ke waje ba. An kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011, amma ciwon huhu da sauran cututtukan shanu suna nan.

Sai kuma aka wayi gari da madrid. Haka 'yan katako ke kiran madobiya, itacen da Hausawa suka daɗe da sani, wanda makiyaya ke sassabe ganyensa su ba dabbobi da rani. A tsakiyar shekarun 2010 kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta buɗe baki, Taraba ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren saransa. Tireloli suka riƙa jerin gwano a hanyar Bali. Saurayin da bai taɓa riƙe dubu hamsin tasa ba ya sayi injin yanka da babur. Da itacen ya ƙare a dazuzzukan waje, aka juyo kan gandun. Ga kuma masu haƙar ma'adinai, ga mafarautan da ke kyafe nama su kai kasuwannin kudu. Jami'an gandun, da tsofaffin bindigogi da ƙarancin motoci, sun fuskanci mutanen da suka fi su makami, an kuma kashe wasu daga cikinsu a bakin aiki. A 2016 aka sanya madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu, daga baya aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Kafin nan an riga an yi ɓarna mai yawa.

A 2017 Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ta sa hannu kan yarjejeniyar shekara 30 da wata gidauniyar 'yan Nijeriya, Africa Nature Investors, wadda ake taƙaitawa da ANI, domin su gudanar da Gashaka-Gumti tare. Gidauniyar ta ɗauki sababbin jami'an sintiri daga garuruwan yankin, ta horar da su, ta kawo kayan aiki da na sadarwa. Wannan shi ne ɓangaren da ke fitowa a hoto. Ɗaya ɓangaren ba ya ɗaukar ido: ƙungiyoyin adashi da bashi na mata a ƙauyukan bakin gandu, da allurar rigakafin shanu ga makiyaya, da zama da Lamdo Gashaka da hakimai da arɗaɗe. Ga mai kallo daga nesa, yi wa shanu allura da kuɗin kare namun daji kamar ciyar da abokin gaba ne. Amma Bafulatanin da ya ga motar gandun ta zo da malamin dabbobi, ba da ankwa ba, yakan saurari maganar da za ta biyo baya game da inda za a yi kiwo da lokacin da za a sa wuta. Ko sauraren zai zama aiki, wannan sai an ga rani da yawa.

Wanda ke son ganin wannan aiki a ƙaramin faifai, inda ido zai iya kewaye shi, sai ya koma kan Mambila, ya sauka a Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje, ya taka da ƙafa zuwa yamma. Bayan tafiyar ƙasa da awa guda a cikin ciyawa, ƙasa kan yanke kwatsam, kurmin Ngel Nyaki ya bayyana a gangaren dutse. Gandun jiha ne, an keɓe shi tun 1969. Faɗinsa a takarda murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin bai wuce kamar bakwai ba, sauran ciyawa ce. A cikin wannan ɗan wuri akwai itatuwan da ba kasafai ake samunsu a wani wuri a Afirka ta Yamma ba, akwai kuma wani ɗan garke na biri mai ganga da ya maƙale, ba shi da hanyar zuwa ga danginsa.

A shekarun 1970 wani jami'in gandun daji Bature, Jim Chapman, ya taka dazuzzukan tsaunukan nan ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da ya gani. Shekara talatin bayan haka 'yarsa, Hazel Chapman, wadda ta zama malamar jami'a a Canterbury ta ƙasar New Zealand, ta dawo a 2002 da rubutun mahaifinta a hannu, ta bi sawunsa. A wurare da dama ta tarar da manyan itatuwan suna tsaye. Dabbobin ne suka yi ƙaranci ƙwarai, gefen dazuzzukan kuma wuta da kofato sun ci. Daga wannan tafiya aka kafa aikin binciken dazuzzukan tsaunukan Nijeriya, aka gina masa sansani a bakin Ngel Nyaki.

Kurmin da itatuwansa ke tsaye amma dabbobinsa sun tafi yana kama da garin da samari suka watse. Itace mai babban ƙwallo yana buƙatar babban baki da zai haɗiye ɗansa ya kai shi nesa ya kasayar. Idan babu, 'ya'yan su zube a gindin uwa, ƙwari su cinye, ko inuwa ta kashe. Ɗaliban Nijeriya da suka yi digirinsu a Ngel Nyaki sun bi wannan tambaya da wata dabara mai sauƙi. A huda ƙwallon itace, a ɗaura masa dogon zare mai ɗan ƙyalle a ƙarshe, a ajiye a ƙasa, a kafa kyamara a jikin itace. Da safe a zo a bi zare. Ɓarawon da kyamara ta fi kamawa gafiya ce. Takan kwashi ƙwallayen ta ci wasu, ta binne wasu nan da can domin gaba, ba kuma duka take komawa ta tone ba. Wanda ta manta shi ke tsirowa. Dabbar da yara ke bi da hayaƙi a rami, ita ce ta gaji wani ɓangare na aikin manyan dawa.

Gwajin da ya fi kowane jawo magana shi ne shinge. An kewaye wasu filayen ciyawa da ke manne da kurmi da waya, aka hana shanu shiga, aka share layin tare wuta a kewaye. Shekarun farko abin da aka samu doguwar ciyawa ce, wadda ita kanta makamashi ce idan wuta ta tsallako. Sannu a hankali ƙananan itatuwa suka fara leƙowa, yawanci a ƙarƙashin wani itace tilo inda tsuntsaye ke sauka su yi kashi. Da aka ga abin na tafiyar hawainiya sai aka haɗa da dashe. Akwai gandun reno a sansanin, layi-layi na baƙaƙen ledoji, iri kuma daga cikin kurmin ake tsinto shi. Itacen turare da ya cika Mambila ba ya cikin lissafi, shi na katako ne da girki, kurmi ba ya tashi a ƙarƙashinsa.

Masu wannan aiki na yau da kullum mutanen Yelwa ne da ƙauyukan kusa. Su ne ke fita da littafi kowane wata su duba itatuwan da aka sa wa lamba, wanne ya yi fure, wanne ya yi 'ya'ya. Tun daga 2014 aka shata fili mai hekta 20 a cikin kurmin, cikin wani tsari na duniya da cibiyar Smithsonian ta Amurka ke jagoranta, inda duk itacen da kaurinsa ya kai santimita ɗaya aka auna shi, aka rataya masa lamba, aka sa shi a taswira. Dubban itatuwa ne, ɗaya bayan ɗaya, a gangaren da mutum ke riƙe saiwa kafin ya tsaya. Akwai ma'aikatan da ba su wuce sakandare ba amma suna kiran itatuwan da sunayensu na Latin, su gyara wa ɗalibin jami'a kuskure. Aikin ya gina makarantar ƙananan yara a Yelwa, ya kuma shigo da kiwon zuma a akwati, domin mai amya a bakin kurmi ba ya son ganin wuta.

Sai dai shinge a Mambila ba waya ce kawai ba. Ƙasa ita ce babbar rigimar tudun nan. Manoman Mambilawa na ganin an mallake musu ƙasar kakanni an mai da ita makiyaya, Fulani na riƙe da takardu da shekarun zama, an kuma zubar da jini a kan haka fiye da sau ɗaya, mafi muni a 'yan shekarun nan shi ne na watan Yunin 2017. A irin wannan wuri duk wanda ya kafa turke ya ja waya, sai an tambayi na wane ne shi. Makiyayin da ya saba shayar da shanunsa a wani rafi ya zo ya tarar da shinge ba zai tsaya karanta allon da aka kafa ba. Akan yanke waya. Akan sa wuta da gangan. Sai a koma gaban Jauro da Ardo a sake zama, a sake shata inda shanu za su bi su sha ruwa. Kuɗin albashin masu sintiri da na waya kuma yawancinsa daga masu ba da tallafi yake fitowa, alhali gandun na gwamnatin jiha ne.

A ƙarshen damina, da zarar ciyawa ta fara yin ja, ma'aikatan Ngel Nyaki kan fito da adduna su share layi mai faɗi a kewayen filayen da aka killace, su ƙone abin da suka sare tun yana da ɗanye-ɗanye, wasu na tsaye da rassan ganye a hannu suna kashe duk harshen da ya kauce. Aikin makonni ne. Daga nan sai gadi, har ruwan farko ya sauka a Maris ko Afrilu. A shekarar da layin ya riƙe, akan koma da tef a auna dashen bara, a rubuta wanda ya rayu da wanda ya bushe, a cike gurbin da sababbin ledoji daga gandun reno.